Tambaya da Amsa: Haɗa Koyil Mai Fitar da Tartsatsi a Gida

Assalamu alaikum Malam. Ina so in haɗa na'urar da za ta riƙa fitar da tartsatsin wuta tsakanin wayoyi biyu, da batir mai bolt 12 kawai. Me zan saya, kuma ta yaya bolt 12 ke zama dubbai? Daga wani ɗalibin makarantar koyon sana'a, Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗana. Fara riƙe wannan, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya: ba lokacin da wuta ke shiga koyil tartsatsi ke fita ba, sai lokacin da aka yanke ta farat ɗaya. Koyil naɗi biyu ne a kan ƙarfe guda. Naɗin farko waya ce mai kauri, zagaye ɗari biyu ko kusa da haka. Na biyu siririya ce kamar gashi, zagaye wajen dubu ashirin. Wutar batir tana bi ta naɗin farko ta tara maganaɗisu a cikin ƙarfen. Da an yanke ta, maganaɗisun ya rushe cikin ƙiftawar ido, naɗin farko ya yi tsalle zuwa bolt 200 ko 300, na biyu kuma ya ninka wannan kusan sau ɗari. Wani limamin coci a Ayalan, Nicholas Callan, shi ya fara haɗa irin wannan koyil a 1836, sannan Ruhmkorff ya inganta shi a Faris a 1851. Har yau shi ne ke kunna fulogin mota.

Saboda haka kada ka fara da naɗa naka. Nemi tsohon koyil ɗin mota mai siffar gwangwani, irin na Fijo 504 ko Bitil, a wajen masu kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. Tafi da mitarka. Tsakanin ƙananan ƙusoshin biyu, mai alamar + da mai alamar −, ya kamata ka ga kusan om 3. Tsakanin ɗayansu da bakin tsakiya kuma om 6,000 zuwa 15,000. In ka ga om 1.5 a naɗin farko, wannan na tafiya ne da resista ta musamman. Sa masa mai om 1.5, wat 25, a layin batir, in ba haka ba, koyil ɗin zai yi zafi. Wanda bakinsa ya tsage ko yake yoyon mai, bar musu kayansu.

Abin da ya rage shi ne mai yanke wutar. NE555, wani ɗan ƙaramin guntun lantarki mai ƙafa takwas, zai ba da bugun, transista IRF840 ko IRFP460 ya yi yankan. Ƙafa ta 1 ta NE555 ta tafi − na batir. Ta 4 da ta 8 su haɗu su karɓi wuta. Resista mai om 1,000 tsakanin ta 8 da ta 7. Daga ta 7 zuwa ta 6, resista mai om 4,700 a jere da mai murɗawa ta om 10,000. Haɗa ta 6 da ta 2, sannan kafasita 0.47µF daga nan zuwa −. Ƙafa ta 5 ta samu 0.01µF zuwa −. Da wannan lissafi bugun zai kama daga kusan sau 100 zuwa sau 300 a daƙiƙa, gwargwadon murɗawarka.

Daga ƙafa ta 3 ja resista mai om 22 zuwa ƙafar G ta transista (ƙafafunsa uku ne: G, D da S), ka sa wata mai om 10,000 daga G zuwa S. Ƙafar S ta tafi − na batir da waya mai kauri, D ta tafi − na koyil, + na koyil kuma ya tafi batir ta cikin fiyus mai amfiya 5 da makunni. Tsakanin D da S sa kafasita 0.22µF mai jure bolt 630, irin ta leda, ba mai ruwa ba. Ita ce ke aikin kwandensar da ke cikin distiribito, wato mai raba wa fulogan mota wuta. Ɗaure transistan a farantin alminiyam don farantin ya ɗauke masa zafi.

Sa wayar fulogi a bakin koyil, ka kafe ƙarshenta a kan busasshen katako ko roba. Waya ta biyu ta fito kai tsaye daga − na batir, kada ta bi ta allon NE555. Bar milimita 5 tsakaninsu a gwajin farko. Tsakanin wayoyi masu tsini, kowane milimita na iska yana buƙatar kusan bolt 1,000, don haka tartsatsin santimita ɗaya da rabi ya nuna kana wajen bolt 15,000. Duk sanda za ka gyara tazarar, kashe makunni ka cire kan batir tukuna.

Malam, na haɗa amma tartsatsin bai kai milimita 2 ba, transista kuma yana zafi kamar dutsen guga. IRFZ44N na sa, na kuma ɗora diyod a kan koyil kamar yadda muke yi wa rile, makunnin nan mai aiki da maganaɗisu. Ina kuskuren? Daga mai gyaran rediyo, Maraɗi.

Ɗan'uwa, kuskure biyu ne, kuma duka biyun abu ɗaya suke kashewa. Diyod ɗin da ake ɗora wa rile aikinsa shi ne ya shanye tsallen da naɗi ke yi idan an yanke wuta. To a nan wannan tsallen shi muke nema ido rufe. Ka ɗora diyod, ka ba wutar hanyar zagayawa ta mutu a hankali, maganaɗisu ya sauka sannu sannu, naɗi na biyu bai ga komai ba. Cire shi.

IRFZ44N kuwa transista ne mai kyau a inbata, amma bolt 55 kaɗai yake jurewa. Da tsallen ya kai nan sai ya ɓalle ya bar wuta ta wuce ta jikinsa, ƙarfin da ya kamata ya zama tartsatsi ya koma zafi. Abin da hannunka ke ji ke nan. IRF840 da IRFP460 bolt 500 suke ɗauka, shi ya sa aka zaɓe su. In kana son ƙarin kariya, sa diyod 1.5KE400A tsakanin D da S, wanda ba ya buɗewa sai an kai wajen bolt 400.

In ka gyara waɗannan har yanzu tartsatsi na da rauni, rage saurin bugun. Koyil ɗin mota yana buƙatar kamar kashi 3 ko 4 cikin dubu na daƙiƙa kafin ya cika. Ka matsa masa da bugun dubu a daƙiƙa, ana yanke shi tun bai tara komai ba, sai ƙara mai tsini da tartsatsi siriri.

Akwai kuma matsalar da ba ka tambaya ba amma tana tafe: mutuwar NE555. Kada ƙafa ta 8 ta sha wuta kai tsaye daga layin koyil. Bi da ita ta diyod 1N4007 da resista mai om 100, sannan ka sa kafasita 470µF da 0.1µF daf da ƙafafun 8 da 1. Sa NE555 ɗin a soket don canji ya yi sauƙi.

Malam, koyil ɗin babur zai yi? Daga ɗan acaɓa, Gusau.

Yawancin babura na yanzu CDI suke amfani da shi, wato tsarin kunna fulogi da kafasita, koyil ɗinsu kuma an yi shi ne don kafasita ta zuba masa ɗaruruwan bolt lokaci guda. Naɗinsa na farko bai kai om ɗaya ba. A wannan haɗin zai ja wuta fiye da kima, ya ƙona fiyus ko transista, tartsatsin kuma ba zai burge ka ba. Nemi na mota.

Ina koyar da kimiyya a sakandare, kuma na fi son ɗalibaina su ga an naɗa koyil ɗin da hannu. Yaya ake yi? Daga wata malama, Katsina.

Malama, wannan aiki ne mai kyau, amma yana cin haƙuri. Ƙarfen tsakiya kada ya zama rodi guda, domin wuta na zagayawa a cikin dunƙulallen ƙarfe ta hana maganaɗisu rushewa da sauri. Wayar da magina ke ɗaure rodi da ita ta dace, ƙarfe ne mai laushi. Yanka ta tsawon santimita 15, a miƙe kowace, a shafa mata banish, a tara dami mai kaurin santimita 2, a naɗe da tef.

A kansa a yi naɗin farko da wayar tagulla mai rufi ta milimita 1, hawa biyu, zagaye kusan 220. Wannan naɗin bai kai rabin om ba, don haka dole a sa resista mai om 2.2, wat 25, a layin batir. Sai a zura shi cikin bututun roba na famfo mai kauri. Wannan bututun ne katangar da ke tsakanin naɗin biyu.

Naɗi na biyu shi ne wahalar. Waya mai kaurin milimita 0.15, wadda masu naɗin fanka da injin ruwa ke sayarwa da awo. Gram 400 zuwa 500 ya isa, tsawonta ya haura kilomita 2. Kowane hawa faɗin santimita 10, zagaye kusan 580, a jere ba tare da wata ta hau wata ba. Hawa 30 zai ba ki wajen zagaye 17,000. Bayan kowane hawa a naɗa takarda ninki biyu wadda aka tsoma a narkakken kakin kyandir, kuma takardar ta zarce wayar da aƙalla santimita 1 ta kowane gefe. Dalili kuwa, farkon hawa ɗaya da ƙarshen na samansa suna gefe guda, bambancin da ke tsakaninsu ya haura bolt 1,000, rufin wayar shi kaɗai ba zai riƙe ba. Yawancin koyil ɗin hannu a wannan gefen suke mutuwa: zagaye ɗaya ya zame ya faɗa kan na ƙasa, wuta ta huda, ta bar baƙin layi, shi ke nan. A auna da mita bayan kowane hawa biyar, don in waya ta tsinke a gane da wuri. In an gama a tsoma duka cikin kaki har kumfa ta daina fita. A narka kakin a gwangwani cikin tukunyar ruwan zafi, ba a kan harshen wuta ba, don yana kamawa.

A gaban ɗalibai, ke kaɗai za ki riƙe makunni, su tsaya nesa da teburin. Kada a buɗe tazarar wayoyin fiye da inda tartsatsi ke iya tsallakawa. In wutar ta rasa hanya a waje, cikin naɗin za ta nema.

Malam, ina da taransifomar tsohuwar na'urar ɗumama abinci ta maikurowef. An ce ta fi koyil ɗin mota ba da wuta. In gwada? Daga wani matashi, Kumasi.

A'a, ɗana, kada ka gwada, ina roƙonka. Bolt ɗinta kusan 2,000 ne, ƙasa da na koyil ɗin mota nesa ba kusa ba, kuma wannan ne ke ruɗar mutane. Koyil ɗin mota ɗan ƙarfi kaɗan yake saki a kowane bugu. Ita kuwa tana iya tura rabin amfiya ko fiye ba tsayawa, alhali kashi ɗaya cikin goma na amfiya ya isa ya hargitsa bugun zuciya. Tana ƙanƙame tsoka yadda mutum ba zai iya saki ba, kuma na'urar kariyar gida ba ta ganin abin da ke faruwa a naɗinta na biyu, balle ta yanke. Ta kashe masu gwaji da dama, har da waɗanda suka san aikin lantarki. Kafasitar da ke gefenta ma tana iya riƙe wuta bayan an cire soket.

Ko koyil ɗin motar ba abin wasa ba ne. Da batir kaɗai za a kunna shi, ba da wutar gida ba. Kada a haɗa wata kafasita a bakinsa don ƙara ƙarar tartsatsi, domin ita ce ke mayar da girgiza ta zama kisa. Mai ciwon zuciya, musamman mai na'urar daidaita bugu a ƙirji, kada ya matso. Yi aikin nesa da jarkar fetur ɗin janareta da tukunyar gas, kuma kada ka yi shi batirin yana kan caji, don yana fitar da iska mai kamawa. Hannu ɗaya a aljihu, takalmin roba a ƙafa, ƙasa a bushe, wayar salula da kwamfuta a wani ɗaki. Warin da za ka ji mai kama da na bilic iskar ozon ce, buɗe taga ka taƙaita kunnawa zuwa minti ɗaya ko biyu. Da damina laima kan sa wuta ta bi jikin bakin koyil, da hunturu kuma ƙura ce ke yin haka, don haka goge shi da busasshen ƙyalle kafin ka mayar da kan batir.