Amsa: Wane ne Honus Wagner?

Malam, ka tambayi wane ne Honus Wagner da har kati mai ɗauke da hotonsa ya haura dala miliyan 6 a gwanjon 2021. Ai ba banza ba, shahararren ɗan wasan besbol ne.

An haife shi a 1874 kusa da Pittsburgh a Amurka. Tun yana yaro ya shiga ramin haƙar kwal. Ya fara babbar gasar besbol da ƙungiyar Louisville a 1897, ya koma Pittsburgh Pirates a 1900, can ya yi ritaya a 1917.

A filin wasa, tsakanin sansani na biyu da na uku yake tsayawa yana tare ƙwallo. Ga gwamen ƙafa, ga hannuwa kamar faifai. In ya kwashi ƙwallo, har tsakuwa yake haɗawa ya jefa. Sau takwas yana zama gwarzon bugu a gasarsu. Ni dai ban ga kamarsa a wannan gurbin ba.