Amsa ga mai tambaya kan binciken ƙananan jijiyoyin jini: ko za a iya yin sa daga Sakkwato?

Assalamu alaikum. Ƙanena, na karanta tambayarka, inda ka ce ka kammala digirin farko a fannin nazarin aikin gaɓoɓin jiki a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ka gama bautar ƙasa, kuma zuciyarka ta karkata ga binciken yadda jini ke gudana a ƙananan jijiyoyi da alaƙarsa da kumburi, sai dai an ce maka fannin na masu manyan na'urori ne a Turai da Amurka, kuma wanda bai karanta likitanci ba ba ya da gurbi a cikinsa. Na daɗe ina koyarwa da bincike a wannan ɓangare, don haka zan faɗa maka abin da na gani.

Batun likitanci ba ya buƙatar dogon bayani. August Krogh na ƙasar Denmak, wanda ya samu kyautar Nobel a 1920 saboda gano yadda ƙananan jijiyoyi ke buɗewa gwargwadon buƙatar tsoka, masanin halittun dabbobi ne. Robert Furchgott, wanda ya nuna a 1980 cewa shimfiɗar da ke cikin jijiya tana fitar da wani abu mai sassauta jijiyar, wanda daga baya aka gane cewa iskar nitirik oksaid ce, masanin sinadaran jiki ne. Abin da ba makawa a kansa shi ne ka samu likita abokin aiki, domin marasa lafiya amana ce a hannunsa.

Maganar cewa fannin na waje ne ita ce ta fi damuna, saboda cututtukan da suka fi cika asibitocinmu a waɗannan jijiyoyi suke yin ɓarnarsu. Zuciya da manyan jijiyoyi dakon jini kawai suke yi. Miƙa iskar oksijin da abinci ga naman jiki yana faruwa ne a jijiyoyin da faɗinsu bai wuce maikiromita 5 zuwa 10 ba (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali jar ƙwayar jini ita kanta ta kai maikiromita 7 zuwa 8, saboda haka sau da yawa sai ta lanƙwasa ta matse kafin ta wuce. Ƙa'idar Poiseuille da ka karanta a aji ta nuna cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, ruwan da ke ratsa shi zai ragu har ninki 16. Wanda ya san noman rani a ƙasan madatsar ruwa ta Goronyo zai fahimci wannan nan take: babbar hanyar ruwa tana iya cika maƙil, amma idan ƙananan magudanan da ke shiga fangali suka toshe, albasa bushewa za ta yi. Haka ake samun mara lafiyar da ƙwayoyin cuta suka mamaye jininsa, awon hawan jininsa da ake yi a hannu ya dawo daidai, amma ƙodarsa da hanjinsa ba su samun abin da suke buƙata.

Ɗauki sikila, wadda nake ganin ita ce babbar ƙofar shiga fannin ga ɗan Arewa. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya kowace shekara, adadin da babu ƙasar da ta kai shi. Abin da aka fara koya mana shi ne ƙwayar jini tana komawa siffar lauje idan oksijin ya yi ƙaranci, sai ta maƙale ta toshe hanya. Wannan gaskiya ne, amma bai bayyana dalilin da ya sa yara biyu masu kuskure iri ɗaya a haimoglobin, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jar ƙwayar jini, ɗaya ke kwana asibiti kusan kowane wata, ɗayan kuma ya shekara bai kwanta ba. A 1980 Robert Hebbel da abokan aikinsa a Minesota ta Amurka suka nuna cewa jajayen ƙwayoyin mai sikila suna manne wa shimfiɗar jijiya fiye da ƙima, kuma yawan mannewar yana tafiya tare da tsananin ciwon. Daga nan aka gane cewa fararen ƙwayoyin jini su ma suna cikin lamarin, domin su ke fara kama bangon ƙaramar jijiya, sannan jajayen su taru a kansu. Ƙari a kan haka, ƙwayar mai sikila ba ta wuce kwana 10 zuwa 20 a jiki maimakon kwana 120, kuma haimoglobin ɗin da ke zubewa idan ta fashe yana cinye nitirik oksaid, sai jijiya ta ƙara tsukewa. Duk lokacin da hanya ta toshe sannan ta buɗe, naman wurin yana kumbura, kumburin kuma yana sa bangon ya ƙara danƙo, a haka abin yake juyawa. Wannan ita ce mahaɗar gudun jini da kumburi da ka tambaya a kanta.

Kada ka ɗauka an gama warware lamarin. An ƙera magani mai suna crizanlizumab domin hana wannan mannewa, Amurka ta amince da shi a 2019, amma Tarayyar Turai ta janye izininsa a 2023 bayan wani babban gwaji ya kasa nuna cewa yana rage tashin ciwon. A ɗaya ɓangaren, tsohon maganin nan hydroxyurea, wanda ke ƙara haimoglobin irin na jarirai ya kuma rage yawan fararen ƙwayoyi, a Kano aka gwada shi domin kare yara daga shanyewar ɓarin jiki, cikin haɗin gwiwar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, inda aka riƙa auna saurin jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na'urar Doppler don gano yaran da ke cikin haɗari. Wannan aiki a Arewa aka yi shi, kuma duniya ta karanta shi.

Zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa ma haka yake, domin ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna maƙalewa a ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, kuma a Balantaya ta ƙasar Malawi aka nuna cewa ana iya ganin alamun hakan a bayan idon yaro da madubin duba ido. Ciwon suga kuwa ta wannan hanya yake lalata ido da ƙoda da ƙafa.

Game da kayan aiki, gaskiya ne akwai abin da ba za ka iya yi a gida ba tukuna. Lokacin da na je ƙarin horo a waje na zauna gaban madubin da ake kallon jijiyar ɓera mai rai, na ga fararen ƙwayoyi suna mirginawa a hankali a jikin bango yayin da jajayen ke wucewa da gudu ta tsakiya, sai ɗaya ta tsaya cak, ta baje, ta kutsa tsakanin ƙwayoyin bangon ta fita. Julius Cohnheim ya ga irin wannan a jikin kwaɗo tun 1867 da madubin da bai kai na ɗalibanmu na yau ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya rage maka tsoron rashin na'ura. A jikin mutum, idan ka ɗiga mai a gindin farce ka haska shi ƙarƙashin ƙaramin madubi mai kyamara da ake haɗawa da kwamfuta, za ka ga jijiyoyin sun jeru a lanƙwashe, ka ƙirga yawansu a kowace milimita, ka auna faɗinsu da manhajar ImageJ wadda kyauta ce. Duhun fata yana rage kyan hoton, saboda haka fatar farin ido da ƙarƙashin harshe sukan fi mana sauƙi. Wahalar tana wajen horon hannu: ɗakin awo ya kasance da yanayi ɗaya kullum, mutum ya zauna ya huta kafin a fara, a yi awon a lokaci guda na yini, kuma wanda ke ƙirga hoton kada ya san na mara lafiya ne ko na mai lafiya. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40, wanda ya shigo daga rana jijiyoyin fatarsa a buɗe suke, kuma idan ba ka kula ba, zafin gari za ka auna ka rubuta shi da sunan cuta.

Wannan yanayi namu kuma shi ne jarinka. An san cewa ƙarancin ruwa a jiki da sanyi suna tayar da ciwon sikila, mu kuwa muna da bazarar Afrilu, muna da hunturun Disamba da Janairu, muna da azumi da ke zagayawa cikin su duka. Bin yara ko manya masu sikila tsawon shekara guda, ana auna kaurin jininsu da alamun kumburi da yanayin ƙananan jijiyoyinsu a kowane lokaci, tambaya ce da mai bincike a Landan ba zai iya amsa ta daga inda yake ba.

Shawarata ita ce ka yi digiri na biyu a gida, ka zaɓi malami mai duba aikinka bisa ga ko yana da lokacin zama da kai a ɗakin gwaji, ba bisa girman muƙaminsa ba. Ka ƙware a hanyar awo guda ɗaya har a san ka da ita, ka kuma koyi ilimin ƙididdiga da gaske, musamman manhajar R. Ka leƙa cibiyar binciken lafiya ta CAMRET da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo ka ga abin da suke yi. Idan lokacin digirin digirgir ya zo, ka nemi tallafin Commonwealth ko na DAAD ta Jamus, kana riƙe da tambayarka da ɗan sakamakon da ka tara, domin wanda ya je hannu rabbana yakan ƙare yana amsa tambayar wani. Tallafin TETFund na ƙaro karatu kuwa na ma'aikatan manyan makarantun gwamnati ne, sai ka samu aiki tukuna.

Akwai wahalhalu da ya kamata ka sani tun yanzu. A wani ɗakin gwaji da na yi aiki, wuta ta ɗauke a ƙarshen mako, firizar ta narke, samfurin jinin da aka daɗe ana tarawa ya lalace gaba ɗaya. Tun daga nan nake raba kowane samfuri gida biyu a wurare daban. Awon kaurin jini da lanƙwasuwar ƙwayoyi kuma ba ya jira, dole a yi shi cikin sa'o'i kaɗan bayan ɗiba. Kuɗin aikin ba su da yawa, kuma matsin neman ƙarin girma yana tura mutane ga mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai ba tare da tantancewa ba. Ka guje su ko da takardarka za ta yi jinkiri. Abin da ya fi nauyi shi ne amincewar iyaye. Uwar da ɗanta ke fama da ƙarancin jini tana da hujjar tambayarka dalilin da za ka ƙara ɗibar masa, saboda haka ba a fara komai sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma sai ka zauna ka yi wa uwa da uba bayani da Hausa, ka nuna musu yawan jinin da za a ɗiba a sirinji, ka tabbatar musu cewa idan sun ƙi ba abin da zai ragu daga kulawar da ake yi wa ɗansu.

Kafin ka cike fom ɗin digiri na biyu, ka nemi izini a sashen yara ko sashen cututtukan jini na asibitin koyarwa ka riƙa halartar ranar ganin masu sikila na ɗan lokaci, kana saurare kana rubuta abin da ya ɗaure maka kai. Idan ka fitar da tambayoyi biyu ko uku, ka kawo su nan zauren, ni da sauran malamai za mu taya ka duba wadda za a iya aunawa da kayan da muke da su, in sha Allah.