Amsa: Robar da ta cika motocin yanzu, ha'inci ne?

Malam, ka tambaya ko kamfanoni sun koma roba ne don su cuce mu, tunda Peugeot 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna har bambarta ƙarfe ce. Rage kuɗi na ciki, amma babban dalili nauyi ne. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce rage kashi 10 cikin 100 na nauyin mota na iya rage shan mai da kashi 6 zuwa 8. Roba kuma ba ta tsatsa, shi ya sa tankin mai ma yanzu galibi da ita ake yi.

Bambar da ke fashewa kada ta tsorata ka, murfi ce kawai. Akwai ƙarfe a bayanta, gaban motar kuma da gangan aka yi shi ya lanƙwashe, ya shanye bugun kafin ya kai ga mutum.

Abin da ke damuna shi ne yadda zafin ranarmu ke lalata roba. Fitila tana yin rawaya, dashbod ya tsage, kan lagireto ya bushe ya fara yoyo. Idan kan lagireto ya tsage, don Allah kada ka yarda a liƙa maka da gam, ka canza shi. Kuɗin injin da ya ƙone ya ninka na lagireto sau da yawa.