Zauren Tambaya: Kada Ka Ɗora Fitilar Jirgin Ruwa a Sikeli

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan gwangwan ne a Ijora. Cikin kayan da muka sayo na wani tsohon jirgin ruwa da aka yanka, na samu fitilu biyu na jan ƙarfe, ɗaya mai jan gilashi ɗaya mai shuɗi, da ƙararrawa, da wata taga mai zagaye. Wani dillali ya ce zai biya ni kuɗin kilo, ya ɗora mini ɗan wani abu a kai. Yadda ya matsa mini ne ya sa jikina bai ba ni ba. Yaya zan gane ko tsofaffi ne na gaske, kuma nawa suka kai?

Mai karatu, Ijora, Legas

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Gara da ka dakata. Dillali ba ya zarya a kan kayan kilo, don kofa da biras, wato jan ƙarfe da tagulla, ko'ina akwai su, daga Ijora har Owode Onirin. Ya ga abin da kai ba ka gani ba tukuna.

Kafin mu je ko'ina, ina roƙonka: kada ka goge fitilun nan da yashi ko samfefa, kada ka kwance ko noti ɗaya, kuma kada ka raba su. Na sha ganin yara sun fasa gilashi da guduma don kawai ƙarfen ya tafi sikeli tsaf, raina ya ɓaci ƙwarai, domin gilashin da suka zubar a kwata shi ne ya fi wuyar samu.

Fitilun nan mata da miji ne. Ja ana kafa ta a gefen hagu na jirgi, kore a gefen dama, don matuƙin da ke tahowa cikin dare ya san inda ɗan'uwansa ya dosa. Tun 1848 Ingila ta wajabta wa jiragen tururi wannan tsari, har yau kuma a kansa ake. Kowace ɗaya tana haska digiri 112.5 ne kacal, daga goshin jirgi zuwa ɗan bayan kafaɗarsa. Shi ya sa za ka ga bayanta a rufe, gilashin bai zagaye ta ba. Wadda gilashinta ya zagaye ta kaf, fari, wannan fitilar anga ce, ta lokacin da jirgi ke tsaye.

Shuɗin gilashin da ka ambata ya faranta mini rai. Wutar lagwani ruwan ɗorawa ce, idan ta ratsa shuɗin gilashi sai ta fito kore. Ke nan da alama an ƙera fitilarka ne don kananzir, ba don ƙwan lantarki ba. Amma kada wannan ya sa ka ɗauka ta shekara ɗari da hamsin, domin jirage sun daɗe suna ajiye fitilun kananzir na ko-ta-kwana bayan shigowar lantarki. Buɗe ƙofarta ta baya ka leƙa. Tankin mai yana nan? Kan lagwanin fa, da ɗan madubin ƙarfe da ke bayansa? Sa yatsa cikin hular da ke sama, inda hayaƙi ke fita. Fitilar da ta yi aiki a teku za ta bar maka baƙin hayaƙi mai kauri a yatsa, kuma za ka tarar da ƙofofin iska a jere, ciki da waje, waɗanda aka tsara don guguwa kada ta kashe wuta. Masu yin jabu ba sa wahalar da kansu da wannan, tunda tasu ta ado ce.

Jabun kuwa suna da yawa, galibi ƙirar Indiya, ana shafa musu sinadari su yi duhu kamar sun tsufa. Ɗauki maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifika ya isa. Kofa da biras ba sa kama shi. In ya manne, ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Sannan ka ɗaga ta. Ta gaske tana da nauyi, gilashinta mai kauri ne mai gaɓa-gaɓa kamar matakala, irin wanda Bafaranshen nan Fresnel ya ƙirƙiro wajen 1822 don tattara haske ya tafi nesa. Launin kuma a cikin jikin gilashi yake, ko a wani gilashi daban da ake zurawa ta ciki. In ka kankare da farce fenti ya fita, an gama magana. Tsufan gaske ba ya zuwa bai ɗaya: wajen mariƙi ya sha hannu ya yi santsi, lungu-lungu kuma sun yi kore.

Daga nan sai farantin suna, ɗan ƙaramin biras da aka manna a gaba ko a gefe. Goge shi da tsumma mai laima kawai. In ka ga Seahorse, ko Meteorite, ko Davey na Landan, ƙirar Ingila ce. Perko ta Amurka ce, Peters & Bey ta Hambug a Jamus, Den Haan ta Rotadam, Nippon Sento ta Japan. Na Japan sukan zo da shekarar ƙira a jikin farantin, ka huta da lissafi. Suna iri ɗaya a fitilu biyun, ga girma ɗaya, shi ke tabbatar da cewa tare suka taso, kuma a haɗe sun fi daraja nesa ba kusa ba a kan a ware.

Ƙararrawa ita sunan jirgi ne kuɗinta. Duba ko an zana suna da shekara a jikinta. Idan Allah ya sa ka ga sunan ɗaya daga jiragen kamfanin Elder Dempster da suka yi zirga-zirga tsakanin Libaful da Apapa, ko na kamfanin jiragen ruwa na ƙasa da aka kafa a 1959 aka rushe a 1995, mai jirage irin su Dan Fodio da King Jaja, to ka riƙe tarihin ƙasarmu ne a hannu, ni kam ba zan so a narkar da ita ba ko nawa kilo ya kai. Wadda aka rubuta wa Titanic 1912 kuwa ta kasuwa ce, kada ka saurari kowa. Tagar ba ta da wani dogon zance: in gilashinta bai tsage ba, marfinta da notocin ɗaurewa sun cika, masu otal da gidajen abinci a Lekki da Ikoyi suna son irinta don ado.

Batun nawa, ba zan yanka maka farashi ban ga kaya ba. Ga dai yadda nake yi. Ka auna su ka lissafa kuɗin kilo na yau, wannan shi ne ƙasan farashi, ba a sauka ƙasa da shi. Sai ka sa yaro mai waya ya rubuta sunan kamfanin a intanet, ya nemo kuɗin da aka sayar da irinsu, ba wanda mai kaya ya sa musu ba, don tsakanin biyun akwai rata. Ka tuna kuma wancan farashin Turai ne, wanda ya haɗa da kuɗin dako da ribar 'yan tsakiya. Ɗauki hotuna, gaba da baya da ciki da farantin suna, ka nuna wa masu kayan tarihi a kasuwar Jakande ta Lekki, mutum uku aƙalla, kowa daban.

Sai takarda. Jirgin da ya nutse ko aka yasar a ruwan Legas ba na mai tsinta ba ne, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta ƙasa, NIMASA, ce ke da hurumi a kansa. Ka koma wurin wanda ya sayar muku ka karɓi rasit mai ɗauke da sunan jirgin, da lambarsa ta IMO, wato lambar shaidar jirgi ta duniya mai alƙaluma bakwai, in akwai. Ita za ta kare ka ranar da aka tare motarka a hanyar Apapa, ita ce kuma abin da mai saye na ƙwarai zai fara tambayarka. Shi kuma dillalin, ka ce masa ya dawo bayan mako biyu.