Tambaya da Amsa: Filin da Ake Sayarwa a Intanet

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Wani abokina da muke sana'ar gyaran waya tare ya matsa mini in sayi fili a metaverse, wai nan da shekara biyu kuɗin zai ninka. Ni dai ban gane ba, wane irin fili ne wannan da ba a taka shi da ƙafa? Kuɗin da nake tarawa kuwa na aure ne.
Mai karatu daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya yi wa sana'a albarka, ya nuna mana ranar biki.

Abin da abokinka yake magana a kai wuri ne da kwamfuta ta zana, mai tituna da gidaje da dandali. Mutane da yawa kan shiga lokaci guda daga garuruwa daban-daban, kowa da ɗan mutum-mutumin da ke wakiltarsa, su gaisa, su yi taro, har ciniki. Ba yau aka fara ba. Tun 2003 kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe Second Life, kuma har kuɗinta gare ta. Hayaniyar ta tashi ne a Oktoban 2021, da kamfanin Facebook ya koma Meta. Wata guda bayan haka kamfanin Republic Realm ya zuba dala miliyan 4.3 a kan fili a The Sandbox, ɗaya daga cikin irin waɗannan duniyoyi. Kafin 2022 ta ƙare, farashin irin waɗannan filaye ya faɗi warwas tare da kuɗin kirifto.

Ɗan'uwa, kai da kake kwance waya kullum ka san abin da ke bayan gilashi: batir ne da wayoyi da ƙananan ƙarafa. Wannan duniyar ma haka take. Tana zaune ne a cikin manyan kwamfutoci da ke jere a ɗakuna masu sanyi, kuma hanyarmu ta zuwa can wayoyi ne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Ranar 14 ga Maris, 2024, da huɗu daga cikinsu suka lalace a gabar Afirka ta Yamma, ciki har da MainOne da WACS, mutane sun wuni suna fama da tura kuɗi ta banki.

Maganar mallaka ita ta fi damuna. Abin da za a ba ka shaida ce ta intanet da ake kira NFT, mai nuna cewa fili mai lamba kaza naka ne. Shaidar za ta iya zama a hannunka, amma darajarta tana rataye da masu tafiyar da wurin da kuma jama'ar da ke shiga. Kamar rumfa ce a kasuwar da mai ita zai iya sa mata kwaɗo ran da ya ga dama. An kuma yi hakan: Microsoft ta rufe irin wannan duniyar tata mai suna AltspaceVR a Maris na 2023, masu taruwa a can suka watse. Sannan filin Funtuwa yana tsada ne saboda ƙasa ba ta ƙaruwa. Filayen Decentraland, wata duniyar da ake sayar da fili a cikinta, guda 90,601 ne, mutane ne suka zauna suka yanke adadin, kuma gobe wasu na iya buɗe tasu duniyar.

Kada ka ɗauka ina kushe fasahar, amfaninta ba ya ɓuya. A wuraren da kwamfuta ta zana, matuƙan jirgin sama suna koyon sauka cikin hadari ba tare da an rasa rai ba. Ɗaliban likitanci suna gwada tiyata kafin su taɓa majiyyaci. A Disamban 2021 hukumar kula da Masallatai Biyu Masu Alfarma ta ƙaddamar da hanyar kallon Hajarul Aswad ta tabarau na musamman, ko da yake hukumar addini ta Turkiyya ta fito ta ce wannan ba ya zama aikin Hajji. Ka lura, duk waɗannan shiga ake yi a koyi abu a fito.

Shawarata, kada ka taɓa kuɗin auren nan. Ka tambayi abokinka ko shi ya taɓa sayar da nasa filin, naira ta shigo asusunsa, da kuma ko ana ba shi kamasho idan ya kawo mutum. In sha'awar abin ce take jan ka, shiga Decentraland kyauta ne, ka samu kwamfuta mai ƙarfi da data ka zagaya, ka ƙirga mutanen da za ka tarar a kan titunan.