Ku Tambayi Anti: Na tsinci 'yan mage da kwikwiyo, wa zan ba wa?

Wannan makon saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan dabbobin tsintuwa ne, na zaɓi uku.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Mage ce ta haihu a sito ɗinmu, 'ya'ya huɗu, sai shekaranjiya yara suka ga gawarta a bakin titi kamar mota ce ta take ta. Idonsu bai daɗe da buɗewa ba, kuka suke dare da rana, na dama musu madarar gwangwani suna sha amma ɗaya ya fara zawo. Maigida ya ce shi ba zai zauna da mage huɗu ba, wai in sa yaro ya kai su bayan kasuwa ya ajiye. Ni kuma raina ya ƙi.
Wata uwa, Unguwar Dosa

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki. Farko dai ki daina ba su madarar nan, ita ce ta kawo zawon, cikin ɗan mage ba ya iya narkar da madarar shanu yadda ya kamata, kuma zawo a jikin abu ƙarami haka ba ya ɗaukar lokaci yake kashe shi. Akwai madarar gari da aka yi musamman don 'yan mage, ki tambaya a shagunan maganin dabbobi, in ba a samu ba nonon akuya zai ɗan riƙe su kafin a samo. Tunda idonsu bai daɗe da buɗewa ba, ba su wuce sati biyu da wani abu ba, to duk bayan awa 2 zuwa 3 za ki ba su, har cikin dare, da sirinji wanda aka cire wa allura, kaɗan kaɗan, kuma a rub da ciki, kar ki rungume shi a rigingine irin na jariri don madarar za ta iya shiga huhunsa.

Abu biyu ne suka fi kashe su a hannun mutane. Ɗaya sanyi ne, don a wannan shekarun ba sa iya ɗumama jikinsu da kansu, balle hunturun Kaduna ya sauko, sai ki sa su a kwali da tsumma, ki zuba ruwan ɗumi a gora ki naɗe da zane ki ajiye a gefe, kuma wanda kika taɓa kika ji jikinsa ya yi sanyi ki fara ɗumama shi kafin ki ba shi komai. Na biyun kuwa mutane da yawa ba su san shi ba, ɗan mage ƙarami ba ya fitsari ko kashi da kansa, uwar ce take lasar ƙasansa sannan ya yi, to yanzu ke ce uwar, bayan kowane ci ki jiƙa auduga da ruwan ɗumi ki riƙa shafa wurin a hankali har ya yi. Wajen sati 4 za su fara lasar abinci mai laushi, wahalar ta ragu. In ma da wata mage mai shayarwa a maƙwabta a gwada sa mata su, sau da yawa suna karɓa. Shi mai zawon a kai shi asibitin dabbobi yau, kuma dan Allah kar a ce bari a ɗan ba shi farasitamol, guba ce ga mage, ƙwaya ɗaya tana iya kashe babba ma.

Maganar maigida kuma kar ki yi jayayya da shi, yana da gaskiyarsa. Ki ce masa riƙo za ki yi ba zama ba, ya ba ki sati 8 zuwa 12, ki fara cigiyar masu so tun yanzu, 'yan uwa, masu shagon hatsi da ɓera ya dama, matan islamiyyarku. Amma bayan kasuwa dai a'a, abin da ko tafiya bai iya ba in aka ajiye shi a can an yanke masa hukunci ne kawai, kuma kin san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda magen da ta kulle ba ci ba sha.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. A kangon da muke gini a hanyar Millennium City wata karya ta haihu, 'yan kwikwiyo biyar, mai ginin ya ce a kawar da su. Na sa hotonsu a Facebook na ce kyauta ne, cikin awa ɗaya mutane sun cika min waya, akwai wanda ya ce zai kwashe duka har uwar. Baba ba zai yarda kare ya shigo mana gida ba. In ba shi kawai in huta?
Wani matashi, Kawo

AMSA: Ɗana kar ka ba shi. Tsakani da Allah wanda ya ce zai kwashe duka har uwar ba tare da ya tambayi lafiyarsu ko shekarunsu ba, ni ban yarda da shi ba, don kare haja ce a ƙasar nan, akwai kasuwarsa guda a Dawaki ta jihar Filato inda ake saye don nama, kuma kalmar kyauta ita take jawo dillalai. Ban ce lallai shi ma dillali ba ne, amma ka tambaye shi ina zai ajiye su ka ji yadda zai amsa.

Ka roƙi mai ginin ya ɗaga musu ƙafa su kai sati 8 a jikin uwarsu, kwikwiyon da aka raba da wuri ya fi saurin ciwo kuma ya fi fitina in ya girma. Sannan ka bayar ɗaya ɗaya. Ka yi wa mai karɓa tambaya ba kunya, gidan nasa ne ko haya, akwai katanga, matan gidan sun yarda, wa zai riƙa ba shi abinci, ɗaure shi za a yi a rana yini guda? In da hali ka kai da kanka ka ga wurin da idonka, kuma ka ce masa in abin ya gagara ya dawo maka da shi kar ya sake shi a titi. Ka fi neman masu gona da masu kiwo, irin na wajen Rigachikun da Mararraban Jos, su da ma suna bukatar karen gadi, kuma kare na noma da kiwo da farauta ai addini bai hana ba, Baba ma zai gaya maka haka.

Kafin su tafi a ba su maganin tsutsar ciki, a yi musu rigakafin farbo tun suna sati 6 zuwa 8, wannan ciwon na amai da zawon jini da yake share kwikwiyoyi, in sun kai wata 3 kuma allurar haukan kare, a nan gida ma ana sarrafa ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Ita uwar in ba a yi mata aikin hana haihuwa ba nan da wasu watanni za ka sake sa wani hoton, ka tambayi likitan dabbobi nawa ne, ko a nan cikin gari ko asibitin koyarwa na dabbobi na ABU a Zariya. Maganin kaska na kare kuma, wannan ga masu mage nake faɗa, kar a shafa wa mage, akwai irin da yake sa ta jijjiga har ta mutu.

TAMBAYA: Anti kwikwiyon da muka tsinta a Rigasa ya ciji ƙanena a yatsa, ɗan ƙaramin ciwo ne, an shafa masa toka. Sai mun je asibiti?
Wata ɗaliba, Rigasa

AMSA: Ku je yau ɗin nan, kar ku jira gobe. Ku wanke tokar, ku yi ta wanke ciwon da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan asibiti, ku gaya musu karen tsintuwa ne ba a san rigakafinsa ba don su fara masa allura. Ƙanƙantar ciwo ba hujja ba ce, cutar haukan kare a yawu take, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe kusan mutum 59,000 a shekara, da yawansu yara ne. Shi kwikwiyon kar ku kashe shi kar ku kore shi, ku killace shi inda yara ba sa zuwa, da ruwa da abinci, likitan dabbobi ya sa masa ido kwana 10. In ya mutu a cikin kwanakin nan, ko ya fara dalalar da yawu yana cizon komai, kar kowa ya taɓa shi da hannu, ku kira likitan kuma ku sanar da asibitin da ake yi wa yaron allura.