Ina da katin inshorar lafiya, me ya sa aka tura ni kemis?

Tambaya: Likita, na yi wa iyalina rajista a shirin taimakekeniyar lafiya na jiha. Da na kai maiɗakina asibiti an duba ta ba a karɓi ko sisi ba, amma cikin magunguna uku ɗaya aka ba mu, sauran aka ce mu saya a waje. Cuta ce, ko haka dokar take? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, Allah ya ba ta lafiya. Kafin a ce an cuce ka, sai an san waɗanne magunguna ne biyun nan.

Inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta fara aiki a 2005, amma galibi ma'aikatan tarayya suka ci moriyarta. Shi ya sa jihohi suka yi nasu dokokin, a nan Sakkwato aka kafa hukumar SOCHEMA, mai kula da shirin taimakekeniyar lafiya na jiha, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal. A watan Mayun 2022 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, wato sabuwar dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta wajabta inshorar a kan kowa.

Babban abin da dokokin nan suka sauya shi ne yadda ake biyan asibiti. Da, ka zo ka biya a duba ka. Yanzu asibitin da ka zaɓa ana yanka masa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya yi ciwo ko bai yi ba. Daga cikinsa za a sayi magani, a yi gwajin jini na yau da kullum. Tsarin yana da kyau, don mai lafiya ke ɗaukar nauyin marar lafiya. Amma ka dubi watan Agusta, damina ta yi tsaka, layin uwaye da yara masu zazzaɓin cizon sauro ya kai bakin ƙofa, ga farashin magani ya yi tashin gwauron zabi tun faɗuwar naira a 2023. In kuɗin ya makara, kafin wata ya ƙare ɗakin magani ya zama wayam. Wallahi ba ƙaramin nauyi likita ke ji ba, ya rubuta magani yana sane babu shi.

Akwai kuma jerin magungunan da shirin ya amince da su, da sunansu na asali, ba sunan kamfani ba. In abin da aka rubuta mata ba ya ciki, asibitin bai karya doka ba, sai dai ya kamata likita ya gaya maka ko akwai madadinsa a jerin. In kuwa yana ciki, haƙƙinka ne a ba ka, "ya ƙare" ba hujja ba ce. Ni dai ban yarda a ɗora wa majinyaci gibin da ke tsakanin asibiti da hukuma ba.

Ka koma da takardar maganin wurin jami'in da ke kula da masu inshora a asibitin, ka ce ya nuna maka jerin. Rasit ɗin kemis kada ka yar. In ba a saurare ka ba, ka kai koke ofishin hukumar SOCHEMA a rubuce, da lambar katinka da ranar da kuka je.